Yadda za ka tsare waya da laftof da bayanan ofis in aiki ya fitar da kai

Wanga rubutu na masu aikin yawo ne, ma'aikatan lafiya masu fita rigakafi, malaman gona, 'yan ƙungiyoyi masu cike fom a KoboCollect, ma'aikatan gwamnati da ake turawa bita Kaduna ko Abuja, har da 'yan kasuwar shinkafa da albasa masu zirga-zirga tsakanin Argungu da Aliero da Jega. Kusan duk abin da zan lissafa a gida ake yin shi, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kana zaune ga wuta ga netwok. In ka bari sai waya ta yi ɓatan dabo a tashar Jega sannan ka fara tambayar mutane yaya ake rufe layi, wallahi kafin ka samu mai ba ka amsa an riga an gama da akawun ɗinka.

Mataki na 1: sa wa sim ɗinka fin

Da wannan na fara don shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Za ka ga mutum ya sa wa waya faswod mai tsawo, ya sa yatsa ya sa fuska, amma sim ɗin a buɗe yake, kamar ka datse ƙofar gida da kwaɗo ne ka bar makullin a jiki. Ɓarawon waya na yanzu bai ɓata lokaci wajen buɗe wayarka, tsinke kawai zai sa ya zaro sim ya jefa cikin 'yar ƙaramar waya mai madanni, ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito masa, ya shiga gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake ajiya, duk wani kod da banki zai turo kuma hannunsa zai faɗa. Wasu ma bashi za su ciyo da sunanka a manhajojin bashi, kana zaune a fara kiranka ana zagi.

Yadda ake yi: shiga setin, nemi ɓangaren tsaro, za ka ga inda aka rubuta SIM lock ko SIM card lock, in ka rasa ka rubuta SIM a wurin bincike na setin zai fito. A iPhone yana ƙarƙashin ɓangaren layi, an rubuta SIM PIN. Da ka kunna zai tambaye ka fin ɗin da sim ya zo da shi daga kamfani. A nan ne ake yin ɓarna, kar ka yi canke. Kuskure uku ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗe sim ɗin da ya kulle, PUK ɗin kuma in ka yi kuskure goma sim ya mutu murus sai dai ka je ofis. Duba jikin katin da ka ɓallo sim ɗin, nan ake buga PUK, in ka yar da katin tuntuni kamar yawancinmu to ka kira 300, tun 2023 ita ce lambar kula da kwastoma ta duk layukan Najeriya, su faɗa maka fin na asali da PUK. Bayan ka kunna sai ka canza fin ɗin zuwa naka. Ba zai dame ka kullum ba, sai in an kashe waya an kunna ko an sa sim ɗin a wata waya yake tambaya.

In sim biyu gare ka, duka za ka yi wa.

Mataki na 2: makullin wayar kanta

Lamba shida aƙalla, kuma ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka. Zanen nan na L ko Z da ake ja da yatsa yaro ma daga nesa yake haddace shi. A cikin mota ko tasha yi amfani da yatsa wajen buɗewa don kar na kusa da kai ya ga lambar, akwai masu zama suna kallon hannunka sai sun riƙe lambar sannan su ɗauke wayar. Fin ɗin manhajar banki ko Opay ko Moniepoint kuma ya bambanta da na buɗe waya.

Sai ka shiga setin na sanarwa ka ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa in waya tana kulle, in ba haka ba kod ɗin banki zai fito ɓaro-ɓaro a sikirin ko ba a buɗe ta ba. Ka sa ta riƙa kulle kanta bayan sakan 30.

Mataki na 3: takarda da biro

E, takarda. Danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI, lambar shaidar wayarka, rubuta. Juya laftof ka kwafi siriyal lamba. Rubuta PUK. Rubuta lambar oganka, ta mai kula da kwamfutocin ofis, da ta mutum biyu a gida, don yanzu mutum nawa ne ya haddace lambar matarsa ma. Sai babba a ciki: lambar rufe akawun ta bankinka. Bankuna suna da kod na gaggawa da za ka danna daga wayar kowa ka dakatar da fitar kuɗi, ka tambayi bankinka nasu tun kana gari, ka tambaya har da abin da za su buƙata, lambar akawun ce ko lambar wayar da ka yi rajista da ita. Takardar nan aljihu daban za ta zauna, kar ka cusa ta bayan kondon waya. Ka bar kwafi a gida wurin uwargida, ke kuma wurin maigida ko wani da kika amince da shi. Faswod da fin na ATM ba sa shiga wagga takarda.

Mataki na 4: WhatsApp da imel

A WhatsApp shiga setin, akawun, Two-step verification, ka sa fin mai lamba shida ka haɗa da imel. Shi ke hana wanda ya samu sim ɗinka ko ya yaudare ka ya karɓi kod ya buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa ya shiga roƙon mutane kuɗi da sunanka.

Gmail ma ka kunna masa tabbatarwa mai hawa biyu, amma a nan ina da shawara ta musamman ga mutanenmu. Kar ka dogara da kod na tes kaɗai. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021 ya tuna lokacin da aka rufe layukan waya a jihar, mutane suna tafiya har Funtua ko Sakkwato don kawai su buga waya, kuma ko ba a rufe ba akwai garuruwa da yawa a Kebbi da Zamfara da sai ka hau tudu kake samun sanda ɗaya. Manhaja irin Google Authenticator tana fitar da kod ko babu sabis ko kaɗan. Ka kuma sauke kod ɗin ajiya da Google ke bayarwa, guda 10 ne kowanne sau ɗaya ake amfani da shi, ka kwafe biyu ko uku a takardar can, sauran a gida. Ranar da waya ta ɓace su ne za su ba ka damar shiga imel ɗinka daga wata na'ura, in babu su Google zai ce ya tura kod zuwa wayar da ke hannun ɓarawo, ka ga an koma gidan jiya.

Daga nan ka kunna Find My Device a Android, wanda yanzu suke kira Find Hub, ko Find My a iPhone. Ka gwada shi a gida, karɓi wayar wani ka shiga android.com/find ko icloud.com/find ka sa wayarka ta yi ƙara, don ka san hanyar tun hankalinka yana kwance. Sababbin Android suna da Theft protection, in an fizge waya an ruga da ita takan kulle kanta, iPhone kuma tana da Stolen Device Protection tun iOS 17.3. Duka kyauta ne, kunnawa kawai.

Mataki na 5: rage kaya

Abin da ba ya cikin waya ba a iya sace shi. Ka kwashe hotuna da takardu zuwa Google Drive ko filash ɗin da zai zauna a gida, sannan ka goge abin da tafiyar ba ta buƙata. Hoton katin ATM gaba da baya, hoton takardar NIN, faswod da aka rubuta a nots ko aka tura wa kai a WhatsApp, hotunan iyali da ba ka so baƙo ya gani, duk su fita.

Alat na banki ma ka share su. Mu da ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtua, ko ta Zuru, mun san dalili ba sai an tsawaita ba, in Allah ya kiyaye mutum ya faɗa hannun mutanen daji waya suke fara dubawa, alat ɗin miliyan biyu na kuɗin ofis da ya biyo ta akawun ɗinka ba za su yarda ba naka ba ne. Wanda ke da hali ya ware akawun na tafiya mai kuɗi kaɗan, manhajar babban akawun ya cire ta sai ya dawo. Wasu ƙaramar waya suke riƙewa a hanya babbar tana kashe cikin jaka, wannan ma dabara ce mai kyau.

Sai bayanan mutane, wanda ni a ganina ya fi komai nauyi kuma shi aka fi wasa da shi. Jerin sunayen masu karɓar tallafi da lambar wayarsu da ƙauyensu da nawa aka ba kowa, sunayen marasa lafiya, sunayen waɗanda suka ba da bayani a kan matsalar tsaro a yankinsu. A wasu ƙananan hukumomin namu irin wanga jeri in ya shiga hannun da bai dace ba rai ake magana. Amana ce suka ba ka, kuma doka ma ta shigo ciki, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikata alhakin sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in bayanan mutane sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Don haka ka ɗauki na garin da za ka kawai, kar ka kwashi na jiha gaba ɗaya. In da Kobo ko ODK kake aiki, duk yamma da ka samu netwok ka tura fom ɗin ranar, ka kunna setin da ke goge fom bayan an tura, kar ka tara na sati guda a waya kana cewa sai na koma Birnin Kebbi.

Mataki na 6: laftof

Faswod na shiga Windows shi kaɗai bai hana komai, mai gyara a kasuwa zai zare hadis ɗin, wato hard disk inda bayanai ke zama, ya jona a wata kwamfuta ya karanta komai. Abin da ke hanawa shi ne a rufe hadis ɗin gaba ɗaya da BitLocker ko Device encryption a Windows, FileVault a Mac. In na ofis ne ka sa mai kula da kwamfutoci ya duba maka. In naka ne, lokacin kunnawa zai ba ka makullin ceto, a Windows mai lamba 48 ne, adana shi a wajen laftof ɗin, in ya ɓace kai ma ba ka shiga. Kafin ka sa shi a jaka ka kashe shi gaba ɗaya, rufe murfi kawai barci ne yake yi. Afdet kuma a gida ake yi, waya da laftof duka. Masu Windows 10 ku sani Microsoft ta daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025, ku yi wa ofis magana.

A hanya

Jakar laftof a cinya take zama ko tsakanin ƙafafu, duk yadda kwandasta ya matsa kar ta shiga but, ana sauke fasinja a Koko ko Yauri jaka tana iya bin wani, ga buhuna da ake dannawa a kai. In an tsaya sallah ko cin abinci ka sauka da ita ko da direba ya ce ba komai. A masallacin tasha ka ajiye ta gabanka inda kake sujada. Filash mai kwafin aiki ya zauna a aljihu, in yana jaka ɗaya da laftof to ba ka da kwafi.

Caji: sayi fawa bank mai kyau ka cika shi daga gida. Ana yawan maganar wai ana satar bayanai ta wayar caji, yana yiwuwa amma ba shi ne ya fi faruwa a wurinmu ba, abin da ya fi faruwa shi ne ka ba mai shagon caji waya ka tafi awa biyu, a zare memori ko sim, ko a ba wani ita bisa kuskure. In dole ce ta sa, kashe wayar, cire sim da memori, ka karɓi lambar shaida. In ka jona waya a kwamfutar wani ta tambaye ka ko ta ba da damar ɗaukar fayil, zaɓi caji kawai. Masu hawa jirgi daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, fawa bank da laftof a jakar hannu suke tafiya, ba a sa fawa bank a kayan da ake aunawa.

Zafi ma ɓarawo ne. A watan Afrilu da Mayu garinmu yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa, batir yana kumbura. Kar ka bar na'ura a mota ka shiga taro.

Sannan don Allah a rage sanarwa. Hoton ka a mota da rubutun "Anka ga mu nan" a status, kowa da ke da lambarka ya san hanyar da kake da lokacin. Ka bari sai ka dawo ka sa. Mutum ɗaya ko biyu a gida da ofis su san inda kake ya isa.

A shingen jami'an tsaro in an ce a ga waya, ka yi magana cikin ladabi, ka nuna katin aiki, wayar tana hannunka ko a gaban idonka, in na'urar ofis ce ka faɗa kuma ka sanar da ofis daga baya. In kuwa masu makami ne suka tare hanya, miƙa musu kawai, duk shirin da muka yi a sama don irin wagga rana ne.

A masauki da wurin taro

Wai-fai na otal ka bar shi don kallon bidiyo. Aikin ofis da banki ka kunna hotsifot na wayarka da faswod mai ƙarfi, ka kashe in ka gama. Kowa yana iya buɗe wai-fai ya sa masa sunan otal, in dole sai ka hau ka tambayi risefshon ainihin sunan, in ofis ya ba ku VPN, manhajar da ke ɓoye abin da kake aikawa ta intanet, ka kunna. Shafin da ya ce sai ka sauke wata manhaja ko ka sa faswod na imel kafin ka samu intanet, fita.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne shagon firintin. Ka je fitar da takarda ɗaya, ka shiga Gmail ɗinka a kwamfutarsu ko ka haɗa WhatsApp Web, ka karɓi takarda ka tafi ka bar komai a buɗe. Mafita: ware filash ɗaya na banza wanda babu komai a kai sai takardar da za a fitar, ka mayar da ita PDF, bayan an gama ka tsaya a goge a gabanka har cikin kwandon shara na kwamfutar. Filash ɗin nan kar ya koma laftof ɗin aiki sai an bincike shi da antibairos. Haka in mai gabatarwa a taro ya ce kowa ya kawo filash a zuba masa, ce a turo ta imel.

Lokacin shan shayi ko sallar azahar, danna madannin Windows da L tare, sikirin ya kulle, sakan ɗaya ne. A ɗakin otal in za ka fita cin abinci laftof ya shiga akwati a kulle a kashe, ko ka tafi da shi. Da an ɗauke wuta za a tada janareta ka zare caja tukuna sai wuta ta daidaita.

Bayan kowace bita akan buɗe guruf na WhatsApp, a nan 'yan damfara ke shigowa. Wani zai kira ka da sunanka, ya ambaci sunan taron, ya ce ana haɗa sunayen masu karɓar alawus ko za a yi mitin ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto masa. Kod ɗin WhatsApp ɗinka ne. Babu wani akanta ko ma'aikacin banki da ke buƙatar kod ko fin ɗinka don ya biya ka, lambar akawun ta ishe shi. Kashe kiran ka nemi wanda ya shirya taron a lambar da ka sani.

Masu tsallakawa Gaya ta Kamba ko Benin ta wajen Lolo da Tsamiya, ku tabbatar layinku yana karɓar tes a waje kafin ku tafi, kuma in kun sayi sim na can kar ku jefa na Najeriya cikin walat tare da katin ATM.

In ta faru

Bi wanga tsari a jere, kar ka tsaya neman wayar tukuna. Ari wayar wani ka danna kod ɗin rufe akawun, duk bankunan da ke kan layin. Kira kamfanin layi a rufe sim. Shiga android.com/find ko icloud.com/find ka kulle wayar, in akwai bayanan mutane a ciki kuma ba alamar za ta dawo ka goge ta daga nesa, umarnin zai jira har ta hau intanet. Canza faswod na imel, ka fitar da wayar daga akawun ɗin imel. Kira ofis a ranar, kar kunya ko tsoron faɗa ya sa ka ɓoye, awa 72 ɗin can tana tafiya kuma su ma suna da abin da za su rufe ta ɓangarensu. Sai rahoto wurin 'yan sanda da IMEI.

Da ka isa gari mai ofishin layinka ka je da NIN a yi maka walkam bak, wato sabon sim mai tsohuwar lambarka. Kana sa sabon sim ka yi rajistar WhatsApp, wannan zai fitar da duk wanda ke ciki, in ya riga ya sa nasa fin za ka jira kwana 7 amma shi ma ya fita. Kafin nan ka sa wani ya sanar a guruf na gida da na ofis kar kowa ya tura kuɗi. In taswira ta nuna maka unguwar da wayar take, ba wa 'yan sanda, kar ka kwashi abokai ku tafi. Masu iPhone, saƙo zai iya zuwa wai an ga wayarka ka shiga wani link ka sa faswod na iCloud, ɓarayin ne ke son ka buɗe musu, kuma kar ka cire ta daga akawun ɗinka na iCloud.

In ka dawo lafiya kuma, minti goma ya ishe ka: duba Linked devices a WhatsApp ka fitar da abin da ba ka gane ba, duba na'urorin da ke cikin Gmail, sa waya da laftof su manta wai-fai na otal, canza duk faswod ɗin da ka buga a kwamfutar wani, ka tura bayanan fili zuwa ofis ka goge na wayarka.